Kujerar karanta labarai ba daga ita ake farawa ba

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo. Ga abin da mai ita ta rubuto, na ɗan taƙaita:

"Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji uku a jami'a, ina karanta aikin jarida. Tun ina firamare ba ni da burin da ya wuce in ga kaina ina karanta labarai a talabijin. Saura wata biyu mu fita sanin makamar aiki, amma gabana sai faɗuwa yake yi. Mahaifina ya ce aikin talabijin tallan fuska ne, bai dace da 'ya mace ba, ya fi so in kama koyarwa idan na gama. Turancina kuma da jin sa ka san Bahaushiya ce, har 'yan ajinmu kan yi min dariya idan ina gabatar da aiki. Sannan kowa cewa yake ba a samun aiki a gidan talabijin sai da hanya, ni kuwa ban san kowa ba. Anti, in haƙura ne?"

Wa'alaikumus salam, 'yata. Kada ki haƙura. Sai dai ina so ki ɗan matsar da idonki daga inda kika kafa shi, domin abin da kike hange daga falon gidanku ƙarshen aikin ne, kuma wanda ya zo don fitowa a allo kawai ba ya daɗewa a cikinmu.

Mai karanta labarai rabin awa take yi a kan kujera, wani lokaci ma minti goma sha biyar. Kafin ta zauna, ɗan rahoto ya wuni a rana, mai ɗaukar hoto ya sha ƙura da kyamara a kafaɗa, mai haɗa hoto ya yanka ya jera, mai fassara ya juya, edita ya soke abin sokewa, darakta na ɗakin sarrafawa yana ƙirga daƙiƙu. A gida mai ma'aikata ɗari, waɗanda ke zama a kujerar nan ba su fi a ƙirga su da yatsu ba. Kuma waɗanda suka yi ƙarko a kanta, kusan dukkansu sun fara ne da yawon neman labari. Dalilin a fili yake. Ranar da na'urar da rubutu ke gudu a gilashinta ta tsaya cak ana tsakiyar shiri kai tsaye, ko aka raɗa miki a kunne cewa ga kwamishina a waya, ki yi masa tambaya yanzu, kyan fuska da zaƙin murya ba za su cece ki ba. Sanin labarin ne zai cece ki.

Bari in ba ki labarin aikina na farko, a wani gidan talabijin da ba sai na kama suna ba. Tumatir ya yi tsada, edita ya tura ni kasuwar 'Yan Kaba. Na je na sami ɗaya daga cikin shugabannin 'yan kasuwa a rumfarsa, ya yi min bayani na kusan minti goma sha biyar, na dawo ina jin na kawo kaya. Edita ya sa kaset ɗin, ya kalli minti ɗaya, ya tsayar. Ya juyo ya ce, "Ina tumatir ɗin?" Babu. Mutum ne kawai zaune a benci yana magana. Washegari da sanyin asuba muka koma ni da mai ɗaukar hoto, lokacin da motoci ke sauke kwanduna daga Kura da Kadawa. Muna tsaye sai ga wata dattijuwa mai sayar da abinci, ta tambayi kuɗin kwando, aka faɗa mata, ta yi shiru. Ta kwance haɓar zaninta ta ƙirga abin da ke ciki sau biyu, sannan ta juya ta nufi inda aka ware fasasshen tumatir. Mai ɗaukar hoton bai ce min komai ba, ya durƙusa ya ɗauki hannunta tana ƙirgar. Da wannan hannun muka buɗe rahoton, kuma duk bayanin shugaban nan daƙiƙa ashirin muka ɗauka a ciki. Har yau idan zan koya wa wani aikin talabijin, daga hannun matar nan nake farawa.

Ga abin da za ki koya daga nan. A talabijin hoto ne ke gaba, rubutu na bin sa. Ba a rubuta labari sannan a je neman hoton da za a lulluɓe shi da shi. Sai kin zauna kin kalli abin da aka ɗauko tukuna ki ɗauki biro. Kuma abin da ido ya riga ya gani ba a maimaita wa kunne. Idan mai kallo na ganin ruwa ya shanye gada, kada ki ce masa ruwa ya shanye gada. Gaya masa ƙauyuka nawa ne suka rasa hanyar zuwa asibiti, da shekarar da aka gina gadar, da wanda aka bai wa kwangilar gyaranta. Rahoto na yau da kullum bai cika wuce minti biyu ba, don haka kowace jimla sai ta biya kuɗin zamanta. Gajerun jimloli, magana ɗaya a kowace jimla, yadda za ki faɗa wa kakarki ta gane tun a karon farko, domin mai kallo ba shi da damar komawa baya kamar mai karanta jarida.

Yanzu batun harshe, wanda na ga ya fi ci miki rai. 'Yata, abin da 'yan ajinku ke wa dariya shi ne jarinki. Gidajen da ke neman wanda ya iya Hausa da gaske sun fi na zamaninmu yawa nesa ba kusa ba. Da can, bayan talabijin ta farko da gwamnatin Awolowo ta buɗe a Ibadan a 1959, Arewa ta sami tata a Kaduna a 1962, aka zo aka haɗe gidajen a ƙarƙashin NTA a 1977, nan Kano kuma marigayi Abubakar Rimi ya kafa CTV, wadda yau ake kira ARTV. Komai na gwamnati ne har 1992, lokacin da aka kafa NBC, hukumar da ke sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. Yau ga Arewa24 tun 2014, ga Liberty a Kaduna, ga Tambarin Hausa, ga gidajen jihohi, ga sassan Hausa na BBC da DW da RFI da TRT Afrika, waɗanda dukkansu yanzu bidiyo suke yi a intanet ba rediyo kaɗai ba. Ƙetare iyaka kuma Télé Sahel da gidaje masu zaman kansu na Yamai suna da labaran Hausa. Masu kallo miliyoyi ne, daga Kano har Zongon Kumasi.

Amma jin Hausa daban, iya aikin labarai da Hausa daban. Na sha zama a kwamitin gwada masu neman aiki, kuma inda aka fi zubewa shi ne fassara. A ba yaro mai digiri sakin layi uku na Turanci, ya dawo da kalmomin Hausa a jere amma ƙashin bayan jimlar na Bature ne, ba wanda zai gane ta a Rimin Gado. Ga misali ɗaya da ke yawan ɓata mana suna. Hukumar ƙididdiga ta ce hauhawar farashi ta ragu, sai mai fassara ya rubuta cewa farashin kaya ya sauka. Ƙarya ce ya yi ba da niyya ba. Kaya na ci gaba da tsada, saurin tashin ne ya ragu. Magidancin da ya dawo daga kasuwa ya ji haka zai ce gidan nan maƙaryata ne, kuma yana da gaskiya. Haka wanda 'yan sanda suka kama: wanda ake zargi ne har sai kotu ta yanke hukunci, ba ɓarawo ba, ko da kowa a unguwa ya rantse shi ne. Haka miliyan da biliyan, harafi ɗaya ne tsakaninsu a takarda amma ninki dubu ne a aljihu.

Sai karatun kansa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka gari na zama da garin tuwo iri ɗaya suke a takarda, haka fari na launi da farin rashin ruwa. Wadda ba ta karanta takardarta da ƙarfi kafin ta shiga situdiyo ba, sai ta kai tsakiyar jimla ta gane ta ɗauki wanda ba shi ba. Ki koyi ƙa'idojin rubutun Hausa sosai, inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, da haruffa masu lanƙwasa. Idan akwai kwas a sashen harsunan Najeriya na jami'arku da za ki iya ɗauka, ki ɗauka.

Turanci kuwa dole ne ki ƙware a fahimtarsa da rubuta shi, domin kasafin kuɗi da hukuncin kotu da sanarwar 'yan sanda duk da shi suke zuwa. Amma ba wanda ya ce sai kin yi magana kamar 'yar Landan. Abin da edita ke nema a ji ki sarai. Kullum ki ware minti goma sha biyar, ki ɗauki jarida ki karanta da ƙarfi kina naɗa a waya, sannan ki saurari kanki. Za ki ji inda kike haɗiye ƙarshen kalma, da inda "p" da "f" ke shige wa juna, da inda numfashi ke yanke miki. Wata uku na wannan ya fi duk wani ƙoƙarin murɗa harshe. Wanda ya ari muryar wani, mai kallo na ganewa tun daga gaisuwa. Idan kuma kina jin Fulatanci ko Barbarci ko Faransanci ko Larabci, ki rubuta shi a takardar neman aikinki da manyan baƙi.

Batun hanya, ba zan ɓoye miki ba, akwai shi, musamman wajen ɗaukar aikin gwamnati. Amma ɗakin labarai wuri ne da kullum hannu bai isa ba, kuma editan da lokacin labaran ƙarfe bakwai ke tunkaro shi ba ya tambayar 'yar wane ce, tambayarsa wa zai iya gama wannan kafin lokaci. Sanin makamar aikin da za ki fita nan da wata biyu ita ce hanyarki, kada ki ɗauke ta hutu. Da ni ce ke, ƙaramin gida zan zaɓa a kan babba. A babban gida za ki iya gama watanninki kina zaune a bayan wani kina kallo. A ƙarami, mako na biyu za a miƙa miki makirufo saboda babu wani. Ki riga kowa zuwa. Ki halarci taron safe inda ake raba aiki, kuma kada ki zo hannu rabbana, ki zo da labari ɗaya daga unguwarku: famfon da ya shekara ba ruwa, makarantar da yara ke zaune a ƙasa, asibitin sha-ka-tafi da babu ungozoma da dare. Ki roƙi a haɗa ki da masu fita. Ki girmama mai ɗaukar hoto da direba, su ne suka san gari, kuma su ne za su koya miki abin da ba a rubuta a littafi ba. Idan an dawo, kada ki tafi gida, ki ja kujera kusa da mai haɗa hoto har ki iya da hannunki. Ranar Asabar da Lahadi da ranar Sallah, lokacin da manya ke neman hutu, ki ce kina nan. Yawancinmu a irin ranakun nan aka fara jin muryarmu a iska.

Kafin ma ki fita, wayar da ke hannunki ta isa ki fara. Ki kwantar da ita a kwance idan don talabijin ne, ki jingina gwiwar hannu a jikinki don kada hoto ya yi rawa, ki bar kowane ɗauka ya kai daƙiƙa goma, ki ɗauki wurin daga nesa, sannan daga tsakiya, sannan ki matso kan hannu ko fuska. Rana ta kasance a bayanki. Ki sayi ɗan makirufon maƙalawa a riga, domin mai kallo na yafe hoto mai duhu amma ba ya yafe muryar da ba ya ji. Kuma ki nemi izinin mutum kafin ki ɗora masa kyamara, balle mace ko yaro ko mara lafiya. Ki haɗa rahoto uku masu kyau, na minti biyu-biyu. Ranar neman aiki, waɗannan ukun za su yi miki maganar da takardar digiri ba za ta yi ba. Tun 2020 hukumar jami'o'i ta rarraba kwas ɗinku gida bakwai, har da na watsa shirye-shirye shi kaɗai, kuma akwai kwalejin talabijin ta NTA a Jos ga mai son ƙarin horo, amma ko ina kika yi karatu, tambayar edita ɗaya ce: nuna min abin da kika yi.

Ki kuma zaɓi fanni ɗaya ki nutse a cikinsa. Kowa na rububin siyasa, an bar lafiya da noma da kotu da ilimi ba masu bi. Ki ɗauki kasafin kuɗin jiharku na bana ki karanta sashen lafiya layi-layi, ki ga abin da aka ware wa asibitin garinku, sannan ki je ki gani da ido. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ki damar rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ki nemi takarda, kuma ta ɗibar mata kwana 7 ta amsa. Ba kullum suke amsawa ba, amma shirun ma labari ne. Ki buɗe littafi na lambobin waya tun yau: likita, lauya, malamin gona, mai unguwa, shugabar ungozomomi. Kuma duk abin da kika gani a WhatsApp ko Facebook, jita-jita ne har sai kin ji daga majiya biyu da ba su haɗa baki ba.

Akwai ɗaci a aikin, kuma hakkinki ne in faɗa miki tun yanzu. Albashin farko kaɗan ne, akwai ma gidajen da ake wata da watanni ba a biya ba. Ko gidajen waje da ake ganin sun fi tsoka ba su da tabbas. A watan Maris na 2025 aka dakatar da ma'aikatan Muryar Amurka, sashen Hausa ya yi shiru. Daga wannan ƙuncin ne 'yar ambulan ke shigowa. Za a gama taron manema labarai, a kira ku gefe a ce ga kuɗin mota. Rana ta farko za ki ji kunya, ta biyu ki ce ai kowa na karɓa, ta goma kuma ke ce za ki tsaya jira. Daga ranar ba za ki iya kallon mutumin nan ki yi masa tambayar da talaka ke so a yi masa ba. Shi ya sa nake matsa miki ki iya ɗaukar hoto da haɗa shi da fassara, sana'o'i ne da za su kawo miki halal a gefe, ki iya cewa a'a ba tare da kin kwana da yunwa ba.

Akwai kuma haɗari na gaske. An harbe Zakariyya Isa na NTA a Maiduguri a watan Oktoban 2011. An harbe Enenche Akogwu na gidan talabijin ɗin Channels a nan Kano ranar 20 ga Janairun 2012, yana bakin aiki ranar hare-haren nan da ba za mu manta ba. Precious Owolabi ɗan bautar ƙasa ne, kusan sa'anki, harsashi ya same shi a Abuja a watan Yulin 2019 yana ɗaukar rahoton zanga-zanga. Allah Ya kyauta. Kada ki je wurin tarzoma ke kaɗai, kada ki je ba da sanin edita ba, kuma duk inda kika shiga ki fara duba ta inda za ki fita. Hukuma ma na iya taso wa gida: a 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindiga. Ki karanta kundin ƙa'idojin hukumar da dokar ɓata suna, ki san inda kike taka ƙafa. A matsayinki na mace kuma, duk babban mutumin da ya ce hira sai a masaukinsa da dare, ki ce sai a ofis da rana, tare da mai ɗaukar hoto. Wanda ya ƙi, ba hira yake so ba. Idan a cikin gidan ne wani ya fara miki maganar banza, ki adana saƙonnin, ki sami babbar ma'aikaciya mace ki gaya mata tun da wuri.

Na bar maganar Baba a ƙarshe don ita ce mafi nauyi. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Duk abin da na lissafa miki yanzu, shi ma ya hango shi, ga kuma bakin mutane, ga tunanin aurenki. Tsoron uba ne, kuma ba a kawar da shi da gardama. Kada ki yi masa bayan fage, kada ya fara ganinki a allo ba da saninsa ba, wannan ciwon ba ya warkewa da wuri. Ki fara da Mama, sannan ku nemi wanda yake jin nauyinsa, yayansa ko gwaggonku ko amininsa, a je masa cikin ladabi. Kuma kada a tafi da roƙo kaɗai, a tafi da tsari: ga gidan da za ki yi sanin makamar aikin, ga lokacin fita da na dawowa, ga wanda zai riƙa ɗauko ki idan aiki ya kai magariba, ga shigar da za ki yi, wadda ba ta bambanta da ta zuwa makaranta ba. A roƙe shi watannin nan kawai a matsayin gwaji, tunda dai sharaɗin karatu ne.

A tuna masa cewa 'ya'yan mutunci sun bi hanyar nan sun fita da mutuncinsu. Marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf ta riƙe editan jarida a nan Kano, ta yi hidimar addini har Allah Ya karɓi ranta a Mina a aikin Hajjin 2015. Hajiya Sa'a Ibrahim ta shugabanci ARTV har ta zama shugabar ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa. Kadaria Ahmed ta zaunar da 'yan takarar shugaban ƙasa a 2019 tana yi musu tambayoyi ƙasa na kallo. Sannan a gaya masa abin da na tabbata zai taɓa zuciyarsa: akwai ɗakin haihuwa, da sansanin 'yan gudun hijira, da gidan da aka yi rashi, inda matanmu ba za su buɗe baki gaban namiji baƙo ba. Idan babu irinki, kukansu ba ya fita daga ɗaki.

Idan ya amince da aikin amma ya ce ban da fitowa a allo, ki karɓa hannu biyu. Furodusa da edita su ke yanke abin da za a faɗa, fuskarsu kuwa ba a gani, kuma shekara biyu a nan za ta ba ki ƙwarewar da kujera ke buƙata, shi kuma ta ba shi lokacin da zai ga yadda kike riƙe kanki. Wanda zai zo neman aurenki ma a gaya masa aikinki tun ranar farko, a yi maganar a gaban manya.

Rahotonki na farko ki yi shi a kan abin da ya dami Baba da kansa, ko taki ne, ko fansho, ko kwatar layinku da ke cika duk damina. Idan kin gama haɗawa, kafin edita ya gani, kafin ni in gani, ki kai masa wayar bayan sallar isha'i ki durƙusa ki ce, "Baba, duba min wannan, ko akwai gyara." Ki rubuto min abin da ya ce. Allah Ya yi miki albarka, Ya sa a dace.